Babban Yatsan Torunn

A Bergen ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu ne 'yan haya.
Yakan bi tagogi yana lalube,
yana neman kafa ko da ta allura ce.
In ya samu sai ya shige, ya kwana cikin katako,
ya bar wa bango baƙin fumfuna tukwici.

Shekara talatin da huɗu gwaggona Torunn Vikebø
tana bin sawunsa tana toshe masa hanya.
Bindigar danƙo a hannun dama,
aljihu cike da ƙarafa suna cacar baki:
wuƙar yanka bakin bututu,
ƙusar huda shi,
makankarin tsohon liƙi,
da guntun cokalin da ba ta yarda kowa ya taɓa.
Amma aikin ƙarshe, lailaye danƙon
har ya kwanta tsakanin gilashi da itace,
wannan na babban yatsanta ne shi kaɗai.

Ran da makankari ya suɓuce mata daga hawa na uku
ya nutse tsakanin jiragen masunta,
ta sauko tsani tana ƙirga matakai da mita,
ta tsaya kan teburina, ruwa na ɗiga daga hularta:
"Sindre, kai da ka yi karatun zane,
tara min su a ƙota ɗaya.
Hannu biyu gare ni, ɗaya kuwa na tsani ne."

Na zana. Ya fito sumul kamar kifi.
Ta jiƙa tafinta a famfo, ta kama, ya zille.
"Mai wannan zane bai taɓa aiki a jiƙe ba."
Na yi wa ƙotar kaushi, na ƙara mata wuya.
Ta ce rezar na hararar cinyarta daga aljihu.
Na yi mata kube mai zamiya.
Ta ce makankarin ya cika zalama,
zai ci fenti ya bar liƙin.
Na ɗauki magagari na rage masa haƙori.
Sau goma sha ɗaya ina kawowa,
sau goma sha ɗaya tana ture min da bayan hannu.

Wutsiyar lailaya ce ta gagare ni.
Na lanƙwasa ta ƙarama, na lanƙwasa ta babba,
danƙo na tashi tudu, ko ya rame a tsakiya.
Ana haka sanyi ya shiga ƙashinta,
gaɓoɓi suka kumbura, yatsan ya ƙi ruƙu'u.

Wani dare ta narka kyandir a murfin gwangwani,
ta jira ya huce, ta danna yatsan ciki.
"Auna wannan."
Na auna. Ba da'ira ba ce.
Gefe ɗaya ya zaizaye kamar dokin ƙofar tsohon gida,
gilashi ya yi shekaru yana goge shi a ɓoye.
Babu lissafin da na koya da ya san da wannan lanƙwasa.

Muka zuba ta da roba.
Ta gwada a tagar kicin, ja ɗaya daga sama har ƙasa.
Ta daɗe tana kallo.
"Yana gaggawa a kusurwa," in ji ta. "Zai koya."

Yanzu yana rataye a kantin kayan gini, rawaya,
babu sunanta a jiki, ta ce ba ta so.
Tana zaune bakin taga, hannuwa sun rungumi kofi,
ruwa na lalube, bai samu hanya ba.
A tsallaken titi wani saurayi kan tsani
yana jan yatsanta bisa tagar wasu mutane.
Ta ƙwanƙwasa gilashi, ba ya jin ta:
"A hankali, yaro. Kusurwa ce."